Damina Ba Ta Jiran Sa Hannu

Gajere da yayansa gona ɗaya suka gada, shekara ashirin suna bin garma ɗaya. Shekarar da taki ya makara, ƙungiyar manoma ta zaɓi yayan ya je ya yi magana gaban jami'ai, sai ya tashi da ciwon haƙori, kunci ya kumbura suntum. Dole ya tura Gajere, ya ce, "Ka gaya musu damina ba ta jiran sa hannu."

Gajere ya faɗa, rediyo ta ɗauka. Daga nan ya zama shugaban ƙungiya, ya sha ƙasa a zaɓen farko, a na biyu ya shiga majalisar ƙasa. Maganar nan ce a fastocinsa, har a bayan motoci. Duk inda yayan ya gan ta, sai gurbin haƙorin da aka cire masa ya motsa.

Rannan yayan yana noma sai ga motar Gajere a bakin gona. Gajere ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Yaya, jibi zan yi magana kan dokar iri, kaina ya toshe. Ba ni wata."

"Waccan ta ƙare? Ban ji ka gaya musu aro ka yi ba."

"Wannan karon zan faɗa, wallahi."

Yayan ya daɗe yana kallon tafin hannun ƙanensa, sumul kamar na jariri. Yana da maganar, amma ya miƙa masa fartanya.

"Tana ƙarshen kunyar nan, ranka ya daɗe. Bismillah."