Ɗauko Tsohon Jirgin Galadi

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙaura Namoda, mu biyar cikin motar ma'aikata, ni a can baya tsakanin jarkar mai da akwatin sifanun kwance ƙusoshi. Gaba kusa da direba Injiniya ne ya miƙe ƙafa. Tare muka yi firamare da shi, ni nake ba shi satar amsa a lissafi. Yau shi ne shugaban tafiya, ni kuwa a takarda an rubuta ni "ɗan rakiya".

Ga abin da ya fitar da mu. A wata gona bayan Galadi akwai tsohon jirgin sama na fasinja, irin mai farfela biyu, wanda ya sami matsala ya sauka can tun muna yara. Ba wanda ya mutu. Masu shi suka zo suka kwance injuna suka tafi, suka bar gangar jikin. Ni malamin tarihi ne, na yi shekaru ina hawa babur ina zuwa dubansa. Tun da aka ba mu jiharmu nake aika wasiƙu Gusau, a ɗauko shi a kai gidan tarihin da ake shirin buɗewa. Shiru, sai da labari ya zo cewa maƙeran tukwane sun taya shi, za su yanka su narke. Da aka tashi motsawa kuma, sai aka ɗora wanda ya yi karatun jirage a Turai a kan aikin.

Zurmi muka fara biyawa, don can tirelarmu da mai walda suke jira. Hanyar ta canza tun da aka fara Shari'a: allunan zikiri jere a bakin titi, wani gidan giya da na sani ya koma wurin mai shayi. Nan muka karya da shayi da koko da ƙosai, ƙosan naira goma ya cika mini hannu biyu, abin da a Ƙaura sai dai ka ƙirga. Mai shayi ya ji an ce Injiniya ya zauna Turai, ya ƙara masa madara kyauta. Ni da na ce a ƙara mini sukari, sai da na faɗa sau biyu.

Daga nan muka yanko ta Moriki. Kaka ce, an gama girbi, dammunan gero jibge a gonaki, ƙauyuka sai ƙamshin sabon hatsi. Kwalta ta ci ta cinye, tirela tana tafe kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Mun shiga Shinkafi ranar kasuwa, raƙuma da shanu sun tare hanya, fataken Nijar suna ciniki da sefa. Muka je gaida hakimi. Ya riƙe hannun Injiniya ya ce, "Kai Allah ya nufa da ceton tarihinmu." Na yi tari har sau biyu. Wani bafade ya miƙo mini ruwa.

Tirela ba ta iya shiga yashin Galadi, sai muka bar ta bakin hanya muka hau babura. Da muka zagayo wata kuka, ga jirgin nan kwance, farinsa ya koma ruwan toka, hancinsa ya ɗan nutse a ƙasa, zuma ta yi gida a wutsiya. Mai gonar, dattijo ne da kowa ke kira Baba, ya taso da sandarsa. Shi ya yi wa ƙofar jirgin kwaɗo, shi yake share cikinsa, shi ya hana awaki kwana a ciki. Ƙannensa masu gado a gonar su suka matsa a sayar, shi kaɗai ya tsaya.

"Malam, kai na? Yau ma awo za a yi?" in ji shi.

Na yi dariya, na ciro tef da littafina na shiga aiki, don in nuna wa kowa wanda ya san jirgin nan. Da na ɗago, sai na hango Injiniya ya tuɓe takalma, ya zauna a ƙasa gaban Baba, suna shan fura a ƙwarya guda. Na matsa kusa kamar mai duba taya.

"Baba, ranar da ya sauko, kana ina?" Injiniya ya tambaya.

"Ina nan inda kake zaune, ina saurayi. Na ji ƙara bisa kaina, na yar da hauya na sheƙa. Sai na ji kukan jinjiri, na komo. Ni na amshi ɗiyar wata mata ta ƙofar ga. Matuƙin ko, sai da innata ta ba shi ruwa."

Shekaruna nawa ina zuwa gonar nan, ban taɓa jin wannan labari ba.

Can Baba ya miƙe ya ce a kawo masa magirbi. Ya kai mu bayan rumbunsa, ya sa aka tona. Aka ciro wani dogon abu naɗe cikin tsofaffin tabarmi da buhuna. Farfela ce, mai fiffike uku, lafiya lau. A duk wasiƙun da na rubuta na ce farfelun sun ɓace.

"Da anka fara zancen masu tukwane ni binne ta," in ji Baba. "Ga ta, Injiniya, amana."

Ban san lokacin da na ce, "Haba Baba, ni fa?" ba.

Ya dube ni, ba faɗa ba fushi. "Malam, ai ba ka taɓa tambaya ta ba. Kai in ka zo, jirgin kaka gaisuwa da shi."

Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi.

Kwana biyu aka yi ana kwance fikafikai. Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: Injiniya ya iya aikinsa. Kowace ƙusa sai ya sa mata lamba, kuma ya hana mai walda kusantar jikin da wuta. Aka kore zuma da hayaƙi, ɗaya ta sallame ni da harbi a kunne, Injiniya kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Rana ta uku aka samo tarakta ta ja jirgin, mazan gari suka tura da kabbara har bakin hanya. Baba bai tura ba. Ya tsaya a ramin da jirgin ya bari, wurin da ciyawa ba ta taɓa fitowa ba, yana share ido da bakin rawani. Na koma na tsaya kusa da shi. Karo na farko na tambaye shi lafiyar iyalinsa, ya lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya.

A Shinkafi sai da aka riƙa ɗaga wayoyin lantarki da gwafa kafin tirela ta wuce. Wani ɗan jarida ya tare mu da rikoda, ya yi hira da Injiniya, ni kuma ya roƙe ni in riƙe masa jaka. Muna dab da Ƙaura Injiniya ya waiwayo ya ce, "Malam, bayanin da za a kafa gaban jirgin, kai za ka rubuta. Ni ban iya ba."

Na sauka ƙofar gida bayan la'asar, tirela ta wuce Gusau da jirgin. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai yi mini daɗi ba: na so jirgin, na manta mutumin da ya tsare shi, wani kuma ya zo rana ɗaya ya zauna a ƙasa ya samu abin da ban samu ba. Kishin bai sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai gama rubuta bayanin jiya. Sunan Baba ne a sama, da manyan baƙaƙe. Nawa na biye. Na Injiniya yana can ƙasa, Allah ya yafe mini, sai mutum ya sa tabarau.