Ranar Da Na Sa Hannu A Kwanon Surukata

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na ajiye kunya gefe na ci tuwo kwano ɗaya da uwar mijina.

Lokacin wayar salula ta fara shigowa Konni. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai albasa Kwatano, sai ya daɗe bai kwana gida ba. Ya ɗauko Inna daga ƙauyensu na wajen Alela, ya gina mata ɗakin siminti a ƙuryar gida, har da fanka, wai ta huta. Ni kuwa in na gama girki sai in durƙusa bakin ƙofarta, in ajiye kwano, in juyo. Haka aka tarbiyyantar da mu, suruka ba ta ganin cin abincinki, ke ma ba kya ganin nata.

Kwano ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Na sauya miya, na soya nama, na dama hura da kindirmo, duk a banza. Inna ta rame har warwaro na zamewa daga hannunta. Likita ya duba, ya ce bai ga ciwo ba, ya ba da maganin buɗe ciki, shi ma shiru. Dangin miji suka soma ƙus-ƙus wai ni ke horar da ita da yunwa. Wallahi na ji zafin maganar, amma babban tsorona kar tsohuwar nan ta mutu a hannuna ɗanta na kan hanya.

Rannan wata tsohuwar ƙauyensu mai tallan zogale ta biyo gaishe ta. Ina shara na hango su suna cin kwaɗo tare, Inna na kai loma tana dariya. Ashe! Tun Inna tana amarya a tsakiyar matan gida take cin abinci, ana hira ana tsiya. Mu kuwa garin girmamawa muka killace ta ita kaɗai.

Washegari na shiga da tuwon hatsi da miyar kuka, na zauna daɓas a tabarmarta, na wanke hannu na yanko loma.

"Ke ɗiyar nan, mi nika gani haka? Kunyar taki ina ta tahi?"

"Inna, yunwa nike ji, kuma ni ban iya ci ni ɗaya."

Ta harare ni ta daɗe. Can sai ta jawo ruwan wanke hannu, ta ture yatsuna ta ce, "To matsa, nan gehena ne." Tas muka cinye, har ta ce miyar ta so ƙarin daddawa. Na koma madafa na sha kuka.

Dangi sun ce ba ni da ta-ido, na ce na ji. Da maigida ya dawo ya tarar da kumatun uwarsa sun ciko, kuma har ta koma ga Allah, shekaru bayan haka, kwanonmu ɗaya.

Abin da na koya ke nan: kaɗaici na toshe wa mace ciki kamar ciwo. In kin ga tsohuwa ta daina ci, kafin ki sauya miya, fara dubawa da wa take zama gaban kwanon.