Ranar da Baba Ya Bar Masu Neman Aurena Saboda Kek

Ko da zan manta da komai na bikina, ba zan taɓa mantawa da ranar da iyayen mijina suka fara zuwa gidanmu a Wudil ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya, amma a ranar kuka kawai ya rage ban yi ba.

Abin ya samo asali ne daga lokacin da Baba ya yi ritaya. Bai jima da ajiye aiki ba likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya hana shi nama da ƙwai da madara da man shanu. Baba kuwa mutum ne da shayinsa ba ya shiga sai da kek. Sai ya koma zaman tsakar gida yana ƙunci, kowa ya gifta sai ya sami laifinsa. Umma ta ji tausayinsa, ta sa na nemo mata a waya yadda ake kek ba ƙwai ba madara. Ashe ayaba da ta nuna sosai tana maye gurbin ƙwai, madarar aya ta maye ta shanu, man gyaɗa kuma ya tsaya a madadin bota.

Na farkon da muka yi, Baba ya ɗaga shi ya ƙwanƙwasa da cokali. Ya ce, “Wannan a kai wa magina, suna neman bulo.”

Umma ta ce, “To Alhaji, tunda ka iya, bisimilla.”

Da wasa ta faɗa, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Washegari ya shiga kicin, wurin da a iya sanina ko ruwa bai taɓa shiga ya ɗebo ba. Tun muna leƙe muna ƙunshe dariya har abin ya zame masa jiki. Ya koyi zuba yashi a tukunya ya ɗora kan gawayi ya jera gwangwanaye a ciki. Yau ya sa dabino, gobe kwakwa, wata rana har citta ya gwada, muka ci muna hawaye muna cewa ya yi daɗi. Ƙuncin nan duk ya tafi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada maganar ta fita waje.

To, ranar da baffannin saurayina za su zo daga Indabo neman aurena, an yi da su sai bayan la'asar. Baba ya ce zai yi kek na musamman, a ce Umma ce ta yi. Yana ɗora tukunya, zanin Umma ɗaure a ƙugunsa, sai ga sallama a ƙofar gida. Sun sami mota da wuri, azahar ma ba a daɗe da yi ba.

Ya yar da zanin, ya zura babbar riga, ya fita soro da fulawa a gemu. Ni kuwa na laɓe a bayan ƙofa. Aka shiga gaisuwa, ana tambayar gida da iyali da damina da mutanen Indabo ɗaya bayan ɗaya. Umma ta shiga wanka, ni kuma kunnena yana soro, kowa ya manta da tukunya. Babban baffan ya gyara murya ke nan ya ce, “Alhaji, abin da ya kawo mu...” sai na ji Baba yana shinshina iska.

“Ku gafarce ni,” in ji shi, “kek ɗina zai ƙone!”

Ya wuce ni a guje, riga tana tashi. Na ce a raina shi ke nan, za su koma su ce gidan ba kamun kai.

Can sai ga shi ya fito da faranti, ya tsaya kusa da ni kamar mai tunanin abin da zai faɗa. Sai ya ɗaga kai ya shiga. Na ji ya ce, “Ni na yi da hannuna. Ba ƙwai, ba madara. Ku ci ku faɗi gaskiya.”

Sai na ji ƙarar tauna. Daga nan babban baffan ya ce, “Alhaji, ni ma an hana ni ƙwai tun bara, ina ta fama da gayan burodi. Mun zo neman abu ɗaya, amma yanzu sun zama biyu.”

Dariya ta ɓarke. Sai da suka gama jin bayanin ayaba da madarar aya kafin aka dawo kan maganata, ni ina tsaye ƙafafuna sun gaji. Da aka zo wurin, ba a ɗauki lokaci ba aka ba su ni.

Abin da na koya a ranar shi ne, abin da muke ɓoyewa don kada girmanmu ya zube, sau da yawa shi ne yake sa mutane su sake da mu. Baba ya fita soro da fulawa a gemu, ya dawo da surukai da kuma abokin da har yau yake aiko masa da ayaba daga Indabo.