Ummi da jirgin da ba shi da direba

"Baba, ina direban?"

Tambayar da 'yata Ummi ta yi min ke nan, muna layin jirgin wasan nan mai hawa sama ya gangaro a guje, da muka je yawon Sallah Kano. 'Ya'yan ƙanwata sun hau sun sauko, har sun fara tsokanarta wai 'yar ƙauye. Idonta ya ciko da ƙwalla.

Yarinyar da ke hawa saman buhunan masara a bayan akori-kura daga Gozaki zuwa Dayi fa! Ashe ba gudun take tsoro ba. Mu a wajenmu ba ka shiga mota sai ka ga direba, kun gaisa, ka san ɗan gidan wane ne.

Na ja hannunta wurin saurayin da ke kunna injin, na ce, "Ga direban."

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, yadda kakarta ke yi a tasha, "Malam, don Allah a tafi a hankali, akwai yara."

Ya danne dariya ya ce, "In sha Allahu, Hajiya."

Muka hau tare. Ni na runtse ido ina salati, ita kuwa shewa take, ɗankwali ya bi iska.

Da muka sauko ta dubi 'yan birnin ta ce, "Wannan ne gudun? Ku zo hanyar Gozaki da damina."

Daga nan ba wanda ya ƙara ce mata 'yar ƙauye!

Wani lokacin ba tsoro yaro yake ji ba, tambayarsa ce ba a amsa ba. Naku yaran fa, me ya taɓa hana su hawa?