Dutsen Taimamar Inna

Shekarar da ƙafafun Inna suka kumbura, ruwa ya zame mata abin gudu. Ko ɗigo ya taɓa ta sai ta wuni tana rawar ɗari. Limamin unguwarmu a Saulawa ya ce ta riƙa taimama. Ƙanena direban babbar mota ne, yana kai kaya can arewacin Nijar, shi ya tsinto mata dutse ya kawo tsaraba. Bai fi curin fura ba. Jikinsa toka-toka ne, amma a tsagoginsa akwai wani abu ruwan ɗorawa mai sirkin kore, ɓawo-ɓawo kamar na kifi. Kowace salla Inna ta buga tafukanta a kai ta shafa fuska, garin ya maƙale mata a gira. Ni har tsiya nake mata, wai tsohuwa ta koma shafa hoda.

Da aka yi hutu, 'yar wana da ke karatun duwatsu a Zariya ta zo. Ta durƙusa tana gaida kakarta, sai na ji gaisuwar ta tsinke a tsakiya. Kunnena kuwa ba ya barin irin wannan.

"Gwaggo, ina kuka samo dutsen nan?"

Na faɗa mata. Ta fita, ta aro a wurin mai shago 'yar fitilar nan da yake gane jabun kuɗi da ita, ta ce in tura ƙofa in saki labule. Tana haskawa dutsen ya kama kore shar, kamar idon kyanwa. Ta karkata fitilar. Tabarma ma ɗigo-ɗigo. Layukan tafin Inna duk sun fito kore.

Na zauna a ƙasa.

Ta ce tana zaton yuraniyom ne a jikinsa. Wai ruwa ne ke ratsa dutse a ƙarƙashin ƙasa, ya narko shi, ya ajiye shi a tsagogi, ya bushe haka. Kuma yana fitar da wani abu dare da rana, ba wari, ba zafi, ido ba ya gani. Garin ne ya fi muni, in an shaƙa ko an haɗiya. Inna kuwa ta daɗe tana tari.

"Ke 'yar boko, tafi can," in ji Inna, ta jawo dutsen ta rufe da zani. "Abin da nake salla da shi ne zai kashe ni?"

Muka yi lallashi har muka gaji. Can yarinyar ta juyo gare ni.

"Gwaggo, wa ke share ɗakin nan?"

"Wa kuwa? Ni mana."

Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta turo dutsen da gefen hannu.

"Ku ɗauke abinku."

Yarinyar ta hana a jefa shi gona ko kusa da rijiya. Ta ƙulle shi a leda, ta sa a gwangwani, ta tafi da shi wurin malamanta. Muka goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. Daga baya ta bugo waya, ta ce yuraniyom ɗin ne.

Mun kai Inna asibiti a Ikara. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce tarin zai iya zama na tsufa. Na ce ko na dutsen? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, mu riƙa dawo da ita. Yanzu a jikin bango take taimama. In ta yi tari ina madafi, sai in tsaya da muciya a hannu har ya lafa.