Gesche da Kwanar Hagu

Maƙwabciyata Gesche Boomgaarden ba matsoraciya ba ce. Da idona na ga ta cusa hannu har kafaɗa ta juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa, na kuma ga ta kori bijimi da tsintsiya. Amma kai ta mararrabar babban titin da ke zuwa garin Aurich ka ce ta karya hagu, sai ka ga mace mai shekara saba'in da ɗaya tana haɗa zufa a tsakiyar sanyi.

Ƙwai da dankali take sayarwa a kasuwar Juma'a. Tun da ƙafar mijinta Ubbo ta shanye, shekara goma sha tara ke nan, ita ke jan motar. Sai dai hannu da ƙafa ne nata, ido nasa ne. In suka iso mararrabar, ta gangara tsakiya ta tsaya, ta ƙura wa sitiyari ido, har sai Ubbo ya ce, "Yanzu!" Sannan ta taka totur, ko ɗaga kai ba ta yi. Ni ba ni da mota, a baya nake zama tare da kiretocin ƙwai, kuma wannan tsari ya daɗe yana ba ni haushi.

Danjar wurin ba wuya gare ta ba. In koriyar fitila zagayayya ta kama, motocin da ke tahowa daga gaba su ma an sake su, hanya tasu ce, mai karya hagu sai ya jira a tsakiya. Amma can a kusurwar tsallake akwai wata 'yar fitila ita kaɗai. In koriyar kibiya ta fito a cikinta, an tsayar da na gaba ke nan, sai ka wuce abinka. Na yi wa Gesche wannan bayani a kan shayi ya fi sau goma.

"Ke dai kin cika iyayi, Frauke," in ji ta. "Ina da Ubbo, me zan yi da kibiya?"

"Kibiyar ragwaye ce," in ji Ubbo. "Mai ido ba ya zaman jiran fitila."

A kakar bana na fara ganin abin da ya tsinka min zuciya. Ubbo ya zo jefa dunƙulen sukari a kofinsa, ya jefa a kan tebur. Wata rana a bakin shinge ya kira ni da sunan 'yarsa, sai da na yi magana ya wayance da dariya. Na ja Gesche gefe na faɗa mata. Ta ce gajiya ce, in daina sa musu ido. Ranar Alhamis ko abinci ban iya ci ba don fargaba, amma da safiyar Juma'a na shiga motar, saboda ban san da wane baki zan ce na fasa ba.

Ana yayyafi, gari ya yi toka-toka. Koriyar zagayayya ta kama, Gesche ta gangara tsakiya ta sunkuyar da kai kamar kullum. Ta gilashin gaba na hango tankar madara tana tahowa a guje, launinta ya saje da na sararin sama.

"Yanzu!" in ji Ubbo.

Motar ta zabura. Ban san abin da ya sa Gesche ta ɗaga kai a ranar ba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Ta danna birki da duk ƙarfinta, kiretocin ƙwai suka kife a cinyata. Tankar ta wuce dab da hancin motarmu, iskarta ta girgiza mu kamar kwali.

"Na ce yanzu! Kurma kika zama?"

"Yi min shiru, Ubbo."

Tunda nake ban taɓa jin ta faɗa masa haka ba. Na bayanmu ya danna hon, wani ma ya taya shi. Motoci na ta shararawa ta gabanmu, mu kuwa muna tsaye a tsakiyar titi, ba gaba ba baya.

"Frauke, 'yar uwa, ina take? Ina kibiyar taki?"

"Can, kusurwar hagu, kusa da allon nan shuɗi. Ba ta fito ba tukuna. Don Allah kar ki motsa."

Jiran bai kai rabin minti ba. Na gaba suka fara rage gudu, suka tsaya, kibiyar ta fito. Gesche ta sake duban titin da kanta, sannan ta karya kwanar a hankali. Ba ta tsaya ba sai gaban gidan burodi, inda ta kashe motar. Ruwan ƙwai na ɗiga daga siket ɗina zuwa cikin takalmi.

Can sai Ubbo ya yi gyaran murya. "Mene ne ya wuce ɗazu?"

Gesche ta juyo ta dube shi. "Tankar madara ce, tsoho. Ba ka gan ta ba?"

Ya girgiza kai.

"Tun yaushe, Ubbo?"

"Tun wajen bikin Ista."

"To da me kake cewa yanzu?"

"Da kunne," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "In na ji titi ya yi shiru. Yau ƙarar ruwa ce ta rufe min."

Gesche ta kifa goshinta a kan sitiyari. Ni kuwa tsoron da ban samu sararin ji a mararrabar ba, a nan ya sauko min gaba ɗaya. Tun daga Ista, ko Juma'a ɗaya ban fasa shiga motar nan ba.