Zaren Likkafanin Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta yarda da yadin kasuwa ba. Cewa take duk roba ce, leda ce aka miƙe ta zama zare. Shi ya sa da ta ji tsufa ya kama ta a ƙauyenmu kusa da Fakku, ta ce likkafaninta da hannunta za ta kaɗa shi, daga audugar da take shukawa a bayan gida. Damina biyu tana tarawa, tana gurzawa, tana shiɓa. A ta uku tsutsa ta cinye gonar.

Ni ina aure a Tambuwal. Da na ji labari, ranar kasuwa na sayo mata auduga cike da buhu, fara sol, ba ƙwayar gurya ko ɗaya. Na ce ga shi na hutar da ita gurza. Ta sa hannu cikin buhun, ta daɗe tana murzawa, sannan ta ce, "Allah shi yi miki albarka." Ta ɗauki mazari ta ci gaba da kaɗi.

Da zare ya cika, ni na kai wa wani tsohon masaƙi a Tambuwal, cikin 'yan kaɗan da suka rage. Tun ranar ban yarda da shi ba. Ga ƙullin zaren kanti ja da kore rataye a rumfarsa, ga shi ba ya kallon mutum ido da ido. Na ce masa, "Baba, zaren nan kaɗai, kar a haɗa shi da komai." Ya ce to. Wannan "to" ɗin bai kwanta mini ba.

Bayan sati uku na karɓo saƙa. Na shanya ta a igiya da hantsi, sai na ga wani wuri yana ƙyalli, wani wuri ba ya yi. Na shafa, santsi. Kai! Na zaro zare ɗaya daga gefe na ƙyasta ashana, yadda Inna ta koya mana tun muna yara: auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take. Zaren ya nannaɗe, ya dunƙule baƙi ƙirin, ya manne mini a yatsa, yana warin leda.

Ko mayafi ban gyara ba na hau mashin. Na dire masa saƙar a gabansa, na ce, "Baba, ba ka ji tsoron Allah ba? Likkafanin tsohuwa za ka yi wa algus? Ina zaren da ka rage ka ɓoye?" Wallahi har maƙwabtan rumfa suka leƙo, ni ko a jikina.

Tsohon ya jawo ƙwarya, ya ɗauko ragowar zaren Inna, yana nan a naɗe yadda na kawo shi, har da allin da take shafa wa yatsu wurin kaɗi a jikinsa. Ya miƙo mini ashana. Na ƙona ƙulli na farko, toka. Na ƙona na biyu, ya narke.

"Ɗiyata," in ji shi, "wagga ba kaɗa ba ce, ba auduga ba ce sam. Abin cusa matashin kai ne. Wa ya ba tsohuwa shi?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ba shi haƙuri.

Washegari na tafi ƙauye. Na tarar da Inna a gindin rumbu, hannuwanta na karkarwa, ko kofin ruwa ba ta iya riƙewa da kyau, balle mazari. Na durƙusa na faɗa mata komai, na ce zan nemo auduga ta gaske a sake.

Ta yi 'yar dariya. "Ke, shekara nawa nika kaɗi? Tun da nis sa hannu cikin buhun nan na san roba ce."

"To, Inna, don me ba ki faɗa ba?"

"Ke kika ɗauko ta tun daga Tambuwal, kina murna." Ta jawo saƙar ta ɗora a cinyarta. "Rabi nawa, rabi naki. Da shi za a rufe ni."

Kafin wata damina ta rasu. Ni na ɗauko likkafanin daga ƙasan akwatinta na miƙa wa masu wanka.